Amsa: Wace shekara guguwa ta fi ɓarna a Amurka?

Malam, ka tambayi shekarar da mahaukaciyar guguwa mai juyawa, wadda Turawa ke kira tornado, ta fi yin ta'adi a Amurka a zamanin nan, kuma ko irin wadda ke tashi a gonakinmu da bazara ce. A ganina 2011 ce, babu tantama.

Daga 25 zuwa 28 ga Afrilu, guguwa sama da 300 suka sauka a kudanci da gabashin ƙasar. Ranar 27 ta fi muni, jihar Alabama ta fi kowa jin jiki, musamman garin Tuskalusa. A kwanakin nan huɗu gaba ɗaya, mutane fiye da 300 suka rasu.

Ba a gama share hawaye ba, sai ga ta Jofilin a jihar Misuri, yammacin Lahadi 22 ga Mayu. Wannan ita ta fi tsaya mini a rai. Faɗinta ya haura kilomita 1, gudun iskarta ya wuce kilomita 320 a awa. Ta ratsa tsakiyar gari, ta ragargaza asibiti da makarantar sakandare, ta saɓule wa itatuwa ɓawo, ta nannaɗe motoci kamar gwangwanin madara. Rayuka 158 suka salwanta.

Ita kuwa tamu ta gona, zafin ƙasa ke tayar da ita, ta kwashi ƙura da karmami ta lafa. Tasu daga gajimaren hadari take saukowa, idan iska mai ɗumi da laima daga tekun Meziko ta haɗu da busasshiya mai sanyi daga arewa, ga kuma iskar sama tana murɗa su. Shi ya sa Afrilu da Mayu suka fi haɗari a can.