Ruwan da zai tsare ka ba a kanka yake sauka ba

Assalamu alaikum. Ƙanena, tun jiya da dare na ga tambayarka, sai yanzu na samu zama. Ka ce ku biyar ne, kun samu Hilux, kuna so ku tashi daga Maradi a watan Satumba ku je bikin lasar gishiri na Ingal, kuma wani ya ce muku in kun bi ta Dakoro kuka yanke daji za ku rage hanya. Sai ka tambaya ko kwana biyu zai ishe ku, tunda can sama hamada ce, ruwa bai cika sauka ba. Wannan maganar ta ƙarshe ita ta hana ni yin shiru, don ni ma da bakina na taɓa faɗinta, kuma na biya kuɗinta.

Na daɗe ina kai gero da sukari da shayi arewa, in sauko da dabbobi ko albasa. Da yaron mota na fara kafin in riƙe sitiyari. Gaskiya ne ruwan arewa bai kai na Madarunfa ba, ko kusa. Sai dai abin da aka manta ba a gaya maka ba shi ne yadda yake sauka, da inda yake zuwa bayan ya sauka. A nan wajenmu ruwa yana faɗowa kan gona, ƙasa ta sha, gero ya sha. A can, ruwan wata guda yana iya sauka cikin awa ɗaya, kan fako da dutse waɗanda ba su shan komai. Duwatsun Abzin kuwa kamar rufin kwano suke: duk abin da ya zuba kansu sai ya taru ya gangaro ta ƙoramu. Kana tsaye rana na dukanka, babu ko ɗigon hadari a samanka, alhali ruwan da zai tsare ka ya riga ya kamo hanya tun asuba daga wani dutse da ba ka taɓa jin sunansa ba.

Karon farko da na gani da idona, ina yaron mota. Mun iso wata ƙorama wajen azahar, busasshiya, rairayi fari fat, ga inuwar bagaruwa a tsakiyarta. Na ɗauko tabarma zan shimfiɗa mana a gindinta, maigidana ya daka mini tsawa ya ce in mai da ita kan tudu. Na ji haushi, don tudun ba inuwa. Ba mu gama shan shayi na biyu ba sai muka ji wani gunji kamar manyan motoci sun jero. Ga shi nan ya ɓullo daga kwana, jajir, bakinsa ɗauke da kumfa da itace da kashin raƙumi, yana ture yayi a gabansa. Kafin mu tashi tsaye bagaruwar nan ruwa ya kai mata wuya. Tun ranar ban sake kwana ko yada zango a cikin ƙorama ba, ko da rani ne.

In kana ganin labarin direbobi ne kawai, tambayi mutanen Agadas abin da ƙoramar Telwa ta yi musu a farkon Satumban 2009, lokacin da ta fasa madatsa ta shiga gari ta rushe gidajen ƙasa. Kai kanka ai ka ga daminar 2024 a nan Maradi, ruwan ƙarshen Agusta da ya kwashe gidaje da rayuka, ka ji yadda babbar hanya ta yanke a ƙofar Yamai har motocin kaya suka yi cirko-cirko, aka ɗage komawa lakkwal sai ƙarshen Oktoba. Wancan fa kwalta ce, mai gadoji, mai hukuma a kusa. To ina ga hanyar da sawun taya ne kaɗai alamarta?

Amma bari in gaya maka, ƙorama ba ita ce babbar matsalarku ba. Ƙorama mai gaskiya ce: kana ganinta, kana jin ta, kuma mai rairayi in ka yi haƙuri, awa uku, awa shida, wani lokaci kwana ɗaya, za ta janye. Abin da ke cinye mutum shi ne laka.

Daga Maradi zuwa Dakoro kwalta ce, ba wata magana. Da ka bar Dakoro sai ka gangara kwarin Tarka, wanda da damina yake riƙe ruwa a fadamu, daga nan ka hau jigawa wajen Bermo da Gadabeji. Jigawar nan in an yi ruwa daɗin tuƙi gare ta, don jiƙaƙƙen rairayi ya fi busasshe ƙarfi, mota tana gudu a kansa kamar an yi mata daɓe. A nan sabon shiga yake ruɗuwa, ya ce ashe damina ce lokacin tafiya. Sai ya ci gaba arewa, ƙasa ta sauya ba tare da ta yi sallama ba. Filin da ke kewaye da Ingal har Tagidda, wanda ake kira Irhazer, yumɓu ne shimfiɗe, kuma ruwan da ya sauko daga Abzin ta Telwa da sauran ƙoramu a nan yake bazuwa. Ba shi da gaɓa balle ka ce ga inda ya fara. Wannan ruwan da wannan ƙasa mai gishiri su ne ma dalilin bikin, su ke jawo Buzaye da Fulani da garkunansu a ƙarshen damina. Abin da ya tara taron shi ne abin da ke kafe mota.

Ranar da aka yi ruwa ba kowa ke shiga lakar nan ba, ido yana hana mutum. Ranar haɗari ita ce ta biyu ko ta uku bayan rana ta fito. Saman ƙasa ya bushe, ya tsattsage, ka taka da ƙafa ka ji tauri, ƙasansa kuwa kunu ne. Kallon kitse ake yi wa rogo. Ni haka ta same ni wata shekara, ina ɗauke da buhunan gero, ina sauri in riski kasuwa. Na ga sawun mota a gabana na bi, ban tsaya na duba ko sawun na kafin ruwa ba ne ko na bayansa. Ban yi taku ɗari ba ɓawon ya fashe, motar ta zauna a kan cikinta. Na ƙara wuta, wanda shi ne wauta ta biyu, tayoyin suka haƙa wa kansu kabari. Kwana huɗu muka yi a wurin. Mun sauke kaya duka a ka, buhu buhu, zuwa wani ɗan tudu. In mun sa jak sai jak ɗin ya nutse maimakon mota ta tashi, sai da muka kwance ƙofar baya muka shimfiɗa masa. Ka yi haƙa da safe, kafin la'asar ruwa ya tsattsafo ya cika ramin. Itacen da za ka sa ƙarƙashin taya babu, sai an yi tafiya mai nisa a sassaro. Ruwan shanmu ya ƙare rana ta uku, muna zaune a tsakiyar ruwa, muka koma tace na tabki da rawani muna tafasawa. Ga sauro da dare kamar a bakin gulbi, ga kunamu da su ma tudun nan suka gudo. Wasu makiyaya ne suka taimake mu da nono, ɗayansu ya hau raƙumi ya kai saƙo inda ake samun rezo. Motar da ta zo jan mu ba ta yarda ta matso ba, daga nesa ta tsaya aka haɗa igiyoyi. Abin da na biya ya fi ribar tafiyar, kasuwa kuma ta ci ta watse ba ni.

Wani abu da ba a faɗi: ciyawa tana ɓatar da hanya. Wurin da ka sani da rani, sawu a fili, da damina sai ka tarar da shi kore shar, kowane direba ya buɗe tasa hanyar don kauce wa caɓi, sawu ya rabu goma. Taswirar waya za ta nuna maka layi miƙaƙƙe, ba ta san tabki ya kwanta a kansa ba. Kewaye kuwa shi ke shan mai. Tafiyar da ka lissafa da tanki ɗaya, in ka shiga laka da ƙaramar giya kana zagaye fadamu, sai ka ga allura tana faɗuwa kana kallo. Ƙarangiya da 'ya'yan ciyawa su toshe gaban lagireto, inji ya yi zafi, ka ɗauki ruwan sha ka ba mota.

Shawarata, ku bar zancen yanke daji. Hanyar lafiya a bi ta da shekara. Ku bi kwalta ta Madawa, ku juya a Tsarnawa ku hau Tawa, ku wuce Tabalak da Abalak, sannan ku ratse zuwa Ingal. Ko ita ɗin ba na ce lafiyayya ba ce: bayan Abalak akwai wuraren da kwalta ta mutu, motoci suna sauka gefe, gefen kuma da damina ka san abin da yake zama. Amma a can in ka kafe akwai mai wucewa, akwai babbar mota da za ta ja ka. Ta Damagaram da Tanut da Adarbisanat ma ana zuwa, sai dai ta fi muku nisa, don sai kun shiga Agadas kun sake yin yamma. Kwana biyu kuwa, in Allah ya sa ba a yi ruwa ba, yana iya isa. Amma ku yi guzurin kwana biyar, ku gaya wa na gida haka, don kada rana ta uku a fara kuka ana neman ku. Zancen tsaro ma kada ku raina shi: duk shingen jandarma da kuka iso ku tambayi halin gaba, in sun ce a jira ayari a jira, kuma kada magariba ta same ku a daji.

In kun iso inda ruwa ke bin kan hanya, musamman irin shimfiɗar sumuntin nan da ake yi a ƙorama maimakon gada, ku kashe mota ku sauka. A kafa kara a bakin ruwa, a sha shayi, a dawo a duba: in ruwa ya haye karan, yana ƙaruwa ke nan, ba a ma fara jira ba. In ya janye, mutum ya shiga da sanda ya taka duk inda taya za ta bi. Ruwan da ke gudu in ya kai gwiwa, ko ka ji yana kwashe maka ƙafa, to motar ma zai kwashe ta, don mota tana da faɗin da ruwa zai tura, kuma da ta fara iyo nauyinta bai da amfani. Ka fi kula da gefen da ruwa ke faɗawa, a nan yake rarake ƙarƙashin sumunti ya bar ɓawo. Samarin ƙauyen da ke tsaye a bakin ruwa suna nuna hanya, ba su jika ɗaya ko biyu da ran ka fari. Tun safe suke cikin ruwan nan, sun san inda ramin yake. Ni na ga mai katkat sabuwa ya raina su, ya ce motarsa tana da hancin sama, wato bututun shaƙar iskan inji da aka ɗaga sama, ya faɗa da gudu. Hancin bai hana ruwa juya shi ba. Allah ya sa an fitar da mutanen ta taga.

In kuka shiga, giya ɗaya, wuta ɗaya, ba tsayawa, ba sauya giya a tsakiya, gilasai a sauke, bel a kwance. In inji ya mutu a cikin ruwa, don Allah kada hannunka ya koma kan makulli. Injin gazuwal in ya shaƙi ruwa ka sake tayar da shi, ƙarfen cikinsa ne zai lanƙwashe, ka tashi daga gyaran yini ɗaya ka koma neman inji. A jawo ta waje, a buɗe, a fitar da ruwan tukuna. Bayan kun haye kuma a taka birki a hankali sau da yawa har ya bushe.

Kaya kuwa, ban da abin da kowa ya sani: shebur biyu, ba ɗaya ba, faranti na ƙarfe na sa wa ƙarƙashin taya, katako mai kauri na zaman jak, famfon iska don za ku rage iskar taya a wuri mai laushi ku mayar in kun fita, bido na ruwa fiye da yadda kuke zato, gidan sauro, maganin zazzaɓi, garin rogo ko dabino da ba su bukatar wuta, don itace jiƙaƙƙe ba ya kamawa. Kuma mota ɗaya ba ta tafiya irin wannan. Ku nemi ta biyu, ku bar tazara tsakaninku, don in ta gaba ta zauna ta baya ta kasance a kan tauri. Na sha ganin biyu sun kafe wuri ɗaya saboda na baya ya manne wa na gaba kamar bindi.

In duk da haka zuciyarku na kan ta Dakoro, don na san ƙuruciya, to ku kwana a Dakoro, da safe ku shiga tasha ku nemi direban da ya sauko daga arewa jiya, ba wanda ya sauko makon jiya ba. Ku dubi tayoyinsa da cikin motarsa kafin ku saurari bakinsa. In laka ce baƙa ta manne har ƙofa, kun samu amsa. In ya ce hanya ta buɗe, ku ɗauki ɗan jagora daga mutanen wurin, ku biya shi kuɗin zuwa da na komowa, ku sa shi gaba kusa da direba. In jagoran ya ce a tsaya, ko da kuna hango fitilun Ingal, a tsaya.

Igiyar ja kuma ka saye ta a nan Maradi kafin ku tashi, doguwa, mai kauri, ka duba wurin ɗaura ta a jikin motar tun a gida. A daji, duk wanda ka tarar da igiya, kuɗinta ya san shi.