Tambaya da Amsa: Haikalin Jagannath na Garin Puri

Tambaya: Assalamu alaikum. Na ga bidiyon dubban mutane a Indiya suna jan wasu manyan karusai na katako da igiya. Ina ne wannan, kuma mece ce darajar wurin a wajensu? Daga mai karatu a Katsina.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Bikin Ratha Yatra ka gani, wanda ake yi a watan Yuni ko Yuli a garin Puri na jihar Odisha, bakin teku a gabashin Indiya. Haikalin Jagannath da ke can yana cikin wuraren ziyara huɗu da mabiya addinin Hindu ke burin kaiwa kafin su mutu; sauran su ne Badrinath, Dwarka da Rameswaram. Ba a barin wanda ba Hindu ba ya shiga, shi ya sa bikin ke da girma: ranar ce ake fito da gumakan Jagannath, da wansa Balabhadra, da ƙanwarsu Subhadra kowa ya gani. Karusar Jagannath tayoyi 16 gare ta, ta Balabhadra 14, ta Subhadra 12, kuma sababbi ake sassaƙawa kowace shekara. Ana jan su kimanin kilomita 3 zuwa haikalin Gundicha, bayan sarkin Puri da kansa ya share dandamalinsu da tsintsiya mai mariƙin zinariya.

Tambaya: Ni ɗalibar zanen gine-gine ce. Yaya aka tsara ginin, kuma me ya riƙe shi tsawon ƙarnuka? Daga wata ɗaliba a Zariya.

Amsa: Sarki Anantavarman Chodaganga ne ya fara ginin a ƙarni na 12. Ganuwa biyu suka kewaye shi, ta wajen da ƙofofi huɗu: ta Zaki a gabas, ta Doki a kudu, ta Damisa a yamma, ta Giwa a arewa. Daga ƙofar Zaki za a hau matakala 22, sannan a tarar da sassa huɗu a jere: ɗakin miƙa abinci, zauren rawa, zauren taron masu ziyara, sai hasumiyar da gumakan ke ƙarƙashinta, mai tsayin mita 65 ko kusa da haka.

Ga abin da ya kamata ki lura da shi, 'yar'uwa. Ba a yi baka irin bakan gizo na sorayenmu ba. Kowane layin dutse yana ɗan leƙowa ciki fiye da na ƙasansa har rufin ya haɗe, kuma babu kwaɓin da ya manne duwatsun. Nauyinsu ne ya riƙe su, sai maƙalan ƙarfe da aka cusa tsakaninsu. A nan matsalar take. Iskar teku na ɗauke da gishiri, damshi ya shiga, ƙarfen ya yi tsatsa ya kumbura, ya tsaga dutsen daga ciki. Magabata sun yi wa hasumiyar yaɓen farar ƙasa mai kauri don kariya, amma da yaɓen ya tsattsage sai ya koma riƙe ruwa, ga ƙarin nauyi, ga ɓoye ɓarnar da ke ci a ƙasa. Daga 1975 hukumar kula da kayan tarihi ta Indiya ta shiga kankare shi, aikin da ya ci shekaru, kuma ya tono sassaƙe-sassaƙen da aka manta da su. Duk da haka a 1992 wasu manyan duwatsu suka rufto cikin ɗakin gumakan. Yanzu da ƙarfe marar tsatsa ake maye gurbin tsofaffin maƙalan. A ganinmu kankarewar ta yi daidai, don ba a gyara abin da ido bai gani ba.

Tambaya: Da gaske ne gumakan na itace ne? Ba sa ruɓewa? Daga mai karatu a Maraɗi.

Amsa: Gaskiya ne, Malam, kuma itacen dogon yaro ne, wanda ake ce wa bedi a wajenku. Yana lalacewa, don haka ake sake su a bikin Nabakalebara, duk lokacin da watan Ashadha ya zo sau biyu a shekara guda ta kalandarsu, galibi bayan shekara 8, 12 ko 19. An yi a 1977, 1996 da 2015. Wasu masu hidima da ake kira Daitapati ne ke nemo bishiyoyi masu alamomin da aka ƙayyade. In an gama sassaƙa, cikin dare, da idanu a ɗaure da hannuwa a naɗe, sukan ciro wani abu daga ƙirjin tsohon gunki, wanda a imaninsu shi ne ransa, su sa a sabon. Tsofaffin kuwa binne su ake yi a wani lambu cikin harabar haikalin, Daitapati su yi zaman makoki kamar na ɗan'uwa, su yi aski da wankan tsarki.