Tambaya da Amsa: Me Ya Sa Faifan SSD Ɗina Ya Yi Nauyi?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. A kwamfuta nake ajiye lissafin shagona, kuma na sa mata faifan SSD, irin faifan adana bayanai mai sauri, mai gigabait 256. Da farko aiki yake kamar walƙiya, amma yanzu da ya kusa cika, duk cinikin da na shigar sai ta ɗan tsaya kafin ta karɓa, alhali buɗe bidiyo ba ya ba ta wahala. Ko faifan ya lalace ne? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam. Da wuya a ce ya lalace, cikar da ya yi ce ta jawo. Manhajar lissafi ba ta yin dogon rubutu a jere, ƙananan bayanai take warwatsawa nan da can, kuma irin wannan rubutu shi ne ya fi gajiyar da SSD.

Dalilin yana cikin ƙirar NAND, wato ma'adanar da ke riƙe bayanai a cikin SSD. Ana rubutu a cikinta shafi-shafi, kowane shafi kilobait 4 zuwa 16, amma ba a iya goge shafi ɗaya sai an goge rukunin da yake ciki baki ɗaya, wanda kan ƙunshi ɗaruruwan shafuka. Kamar allon da ya cika ne: kafin ɗalibi ya wanke shi, sai ya kwafe abin da bai haddace ba a wani allon. Idan babu allon da ba a rubuta komai a kansa ba, aiki ya tsaya. Haka faifanka yake kwashe tsofaffin shafuka yana sake rubuta su domin samun gurbin 'yan kilobait kaɗan, kai kuwa kana jira, mai saye yana tsaye.

Saboda haka ka fara da rage masa kaya, ka mayar da hotuna da bidiyo wani faifan, ka bar aƙalla kashi 20 cikin 100 babu komai. Wannan ne ya sa faifan manyan cibiyoyin adana bayanai kan ɓoye kusan kashi 28 cikin 100 tun daga masana'anta.

Sannan ka tabbatar TRIM na aiki, wato umarnin da ke sanar da faifai shafukan da aka daina buƙata. Windows na da shi tun daga Windows 7 a 2009. Ka buɗe Command Prompt, wurin rubuta wa Windows umarni, ka rubuta fsutil behavior query DisableDeleteNotify, idan ka ga 0, a kunne yake.

Idan za ka sayi sabo, ka nemi samfurin TLC, mai adana bit uku a kowane ƙwayar ma'adana, wanda ke da guntun DRAM nasa, wato ma'adanar wucin gadi mai sauri. Samfurin QLC, mai adana bit huɗu, ya fi araha, amma ga lissafin da ake shigarwa daga safe har dare ba zan ba ka shawararsa ba.