Kai yara kallon kokawar Mekziko a Cozumel

Hajiya, kin tambaya ko ya dace ki kai yaranki kallon kokawar lucha libre idan jirgin ruwanku ya tsaya a tsibirin Cozumel na ƙasar Mekziko. A ganina ya dace, domin wasa ne na tsalle da alkafura, 'yan kokawar kuma da yawansu fuskokinsu a rufe, sun kasu gida biyu, wato técnicos masu bin ƙa'ida da rudos masu ha'inci, waɗanda yara ke jin daɗin yi wa ihu.

Abincin can ne ya fi damuna. Tacos al pastor (tacos wainar masara ce da ake naɗe nama ko kifi a ciki) da cochinita pibil duk naman alade ne, waken ma sau da yawa da kitsensa ake soyawa. Ki nemi tacos na kifi da guacamole (markaɗaɗɗen avocado), ki kuma tabbatar babu barasa a abin shan da za a kawo muku.