Alama tana kan fata, ta yaya ake gane motsin ƙashi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗalibar fisiyo ce a Jami'ar Bayero, ina aikin kammala karatu a kan tafiyar masu ciwon gwiwa. Na karanta cewa ana manna 'yan ƙwallaye masu ƙyalli a jikin mutum, kyamarori su ɗauka, kwamfuta ta faɗi yadda ƙashi ke juyawa. To ai fata ba ƙashi ba ce. Yaya za a yarda da sakamakon?
Daga wata ɗaliba, Rijiyar Zaki, Kano

Amsa: Wa alaikumus salam. Malama, kin taɓo inda gizo ke saƙa. Kyamarori irin na Vicon ko Qualisys, masu ɗaukar hoto 100 ko fiye a daƙiƙa, kuskurensu wajen gano inda ƙwallon yake bai kai milimita 1 ba. Amma fata da tsoka da kitse suna zamewa a kan ƙashi. A cinya zamewar kan kai santimita 2 zuwa 3, a ƙwauri kuwa ba ta kai haka ba, don fatar gaban ƙwauri kusan manne take da ƙashi. An tabbatar da hakan ne ta hanyar kafa ƙusoshin ƙarfe a ƙashin masu sa kai, kamar yadda wani mai bincike, Lafortune, da abokan aikinsa suka yi a 1992, daga baya kuma aka riƙa gwadawa da hoton ƙashi mai motsi.

Ga yadda lissafin yake. Kowace gaɓa, kamar cinya ko ƙwauri, tana buƙatar ƙwallaye aƙalla 3 da ba su jeru a layi ɗaya ba, 4 sun fi, don kyamara kan rasa ɗaya. Da farko mutum ya tsaya cik, a yi wa kwamfuta nuni da tudun ƙasusuwa: gefe biyu na gwiwa, idon sawu ciki da waje, da ƙahonnin ƙugu na gaba da na baya. Wannan ce hanyar da wani mai bincike, Cappozzo, da abokan aikinsa suka tsara a 1995. Idan aka fara tafiya, kwamfuta tana ɗaukar ƙwallayen tamkar abu ɗaya sandararre, ta nemo juyawar da ta fi dacewa da su duka. A 1999 wasu masu binciken, Lu da O'Connor, suka ƙara dabarar ɗaure gaɓoɓin a mahaɗarsu cikin lissafi, don kada cinya ta bayyana kamar ta rabu da kwatangwalo.

Duk wannan ragewa yake yi, ba ya kawarwa. Idan ƙwallayen cinya suka zame tare wuri guda lokacin da tsoka ta murɗe, lissafi zai ɗauka ƙashin ne ya motsa. Tace bayanai da matatar Butterworth, wato lissafin da ke rage rawar da ta fi sau 6 a daƙiƙa sauri, ma ba ta maganinsa, domin fatar da ƙashin a kiɗa ɗaya suke rawa.

Saboda haka ki bambanta sakamakon. Lanƙwasar gwiwa, wadda ke kai digiri 60 lokacin da ƙafa ke sama, abin dogaro ce. Juyawar ƙwauri ciki da waje, da karkatar gwiwa gefe, 'yan digiri ne kawai, kuskuren kan yi girman abin da ake aunawa. Mu dai ba ma ba wa likitan tiyata shawara a kansu kaɗai. Idan kika ga karkatar gefe tana hawa da sauka tare da lanƙwasa, duba ƙwallon gefen gwiwa, an saka shi a karkace.

A nan Kano, zufa da basilin su ne abokan gaba. Da hunturu mutane kan shafa mai sosai, sai a goge wurin da auduga da sifirit, a bari ya bushe kafin a manna. Kada a manna a kan wando ko zani. A tanadi gajeren wando mai kama jiki, mace ta manna wa mace a ɗaki rufaffe. A saki labule, don hasken rana yana rikita kyamarorin. Ki guji tsakiyar tsokar cinya ta gaba, ki sa ƙwallayen a gefen waje can ƙasa. Ga mai teɓa, ƙahonnin ƙugu kan ɓuya, sai a nuna su da sandar aunawa yana tsaye, a bi ƙugun da ƙwallayen baya. Kuma mutum ɗaya ya riƙa manna wa duk marasa lafiyarki, kafin magani da bayansa.