Amsa: Shin wahalar da uwa ta sha lokacin goyon ciki tana bin yaro har girma?

'Yar'uwa, kin tambaya ko da gaske ne jaririn da aka haifa da ƙarancin nauyi ya fi fuskantar hawan jini idan ya manyanta. Gaskiya ne, haɗarin yana ƙaruwa, amma ba kowane yaro abin yake samu ba, don haka kada hankalinki ya tashi.

Ki duba ƙoda. 'Yan matatun da ke tace jini a cikinta suna gama samuwa ne wajen mako na 36 na ciki, bayan nan ba a ƙara ko ɗaya. Idan abinci ya yi wa ɗan tayi ƙaranci, sai ya zo duniya da matatu kaɗan, su yi ta aikin da ya fi ƙarfinsu shekara da shekaru, abin da kan iya jawo hawan jini. An ga yadda yunwar uwa ke bin yaro a ƙasar Holan, lokacin yunwar 1944 zuwa 1945: waɗanda yunwar ta riska a farkon ciki sun fi fama da ƙiba da ciwon zuciya da suka girma.

Abin da ya fi damuna shi ne a ɗura wa irin wannan yaro kayan zaƙi don ya yi ɓul-ɓul da sauri. Ki ba shi nono zalla wata 6, ki riƙa kai shi awo, in ya girma a dinga yi masa awon hawan jini.