Jajen gobara da kukan kayan da suka ƙone

'Yata, sannu da wannan abu. Barka da arziki kuma, tunda ke da maigidanki da yara kun fito lafiya. Allah ya mayar da alheri, ya tsare gaba.

Na ga saƙonki. Kin ce tun daren da wutar lantarki ta dawo da ƙarfi ɗakinki ya kama, mutane ba su daina zuwa ba, wasu da zane, wasu da kwanon masara, ke kuwa kunya take kama ki domin ba mutuwa aka yi ba. Kin ce wani matashi a ikilisiyarku ya karanta miki Matiyu 6:19, ya ce mai bi ba ya kuka a kan abin duniya. Kina tambaya ko karɓar jaje ya dace da Kirista, da kuma ko dole ne ki fita godiya a majami'a ranar Lahadi mai zuwa alhali zuciyarki ba ta kwanta ba.

Ki shimfiɗa tabarma ki karɓi mutane. Ta'aziyya ta rasuwa ce, amma gobara da sata da ambaliya da ƙwarin da suka cinye gona, duk jaje ake zuwa, kuma haka muka tarar iyayenmu suna yi, Kirista da Musulmi, maƙwabci ba ya tambayar addinin maƙwabcinsa kafin ya ɗauko bokitin ruwa. Wanda ya ce al'ada ce kawai, ya buɗe Ayuba 42:11. 'Yan'uwan Ayuba maza da mata da dukan waɗanda suka san shi a da suka zo gidansa, suka ci abinci tare da shi, suka jajanta masa, kowa ya ba shi kuɗi da zoben zinariya. Abin da matan zumunta, wato ƙungiyar matan ikilisiya, suke yi miki ke nan. Sa'ad da babbar kasuwar Jos ta ƙone a Fabrairun 2002, na ga matan da jarinsu ya tafi a dare ɗaya. Waɗanda suka bar ƙofarsu a buɗe aka riƙa shiga ana zama da su, su ne na ga sun fi saurin miƙewa. Idan kin mayar da kwanon da aka kawo miki, kin hana mai shi cika Romawa 12:15, inda aka ce mu yi kuka da masu kuka. Zumunta a ƙafa take, kada ki tare ƙafar da ta taho wurinki.

Batun kuka ne ya fi damuna. Na san ba katifa kike wa kuka ba, ba kuma akwatin talabijin ba. Littafi Mai Tsarki na mahaifiyarki ne, tsohuwar fassarar nan da aka fara bugawa a 1932, wanda ta gada daga babanmu, ta rubuta sunayenku da ranakun haihuwarku da hannunta a shafin farko. Zanenta na zumunta ne, da littafin waƙoƙinta, da hotunan aurenta. Ni ma da na ji, sai da na zubar da hawaye, domin 'yar'uwata ce, kuma rubutun hannunta ba za mu ƙara ganinsa ba.

Yaron nan ya karanta aya ta gaskiya, amma ya ɗora ta inda ba wurinta ba. Yesu yana gargaɗi ne a kan tara dukiya har zuciya ta koma can ta zauna. Shi ne kuma ya ba da misalin macen da take da kuɗin azurfa goma, ɗaya ya ɓace, ta kunna fitila, ta share gida, ta yi ta nema, bai kuwa zarge ta da son duniya ba. Ayuba da kowa yake ambata, kafin ya ce Ubangiji ya bayar, Ubangiji ya karɓa, sai da ya kyakketa rigarsa, ya aske kansa, ya faɗi ƙasa, kuma an rubuta cewa cikin wannan duka bai yi zunubi ba. Akwai wani wuri da ba a cika karantawa ba, Ezra 3:12. Ranar da aka kafa harsashin sabon Haikali, jama'a suna sowa, amma tsofaffin da suka ga na farko kafin a ƙone shi suka fashe da kuka, har aka kasa bambanta muryar murna da ta kuka. Za a saya miki sabon Littafi Mai Tsarki, ki karɓa da farin ciki, kuma idan kin buɗe shi hawaye suka zo saboda tsohon, ki bar su su zuba.

Idan za ki yi addu'a, kada ki dunƙule magana ki ce "Ubangiji, ka san asarata" ki tashi. Zabura 62:8 ta ce mu zuba zuciyarmu a gabansa. Ki ambaci kayan ɗaya bayan ɗaya. Ki ce, "Ya Uba, littafin Mamata ya tafi, abin yana mini zafi. Na gode da ka ba ni uwar da ta koya mini karanta shi. Ka riƙe ni." Ranar da baki ya ƙi buɗewa, ki karanta Zabura 46 da ƙarfi, ko ki kira wata daga cikin matan ta yi addu'ar, ke ki ce amin.

Abu guda zan ja miki kunne a kai. Cikin masu zuwa za a sami wanda zai raɗa miki cewa wutar nan ba banza ba, da hannun wani a ciki, ko ya ce akwai wani mai gani da zai duba miki idan kin kai kuɗi. Kada ki ba shi kunne. Abokan Ayuba sun yi daidai kwana bakwai da suka zauna shiru tare da shi, sun ɓata ne sa'ad da suka fara neman mai laifi, har Allah ya tsauta musu. Lokacin hunturu ne, komai ya bushe, wayoyin gidan kuma tsofaffi ne. Kada gobara ta ci ɗaki sannan zargi ya zo ya ci dangi.

Godiya a majami'a kuwa, ba wanda ya yanka mata rana. Ba domin wuta ake yin ta ba, domin rayukan da suka tsira ne, da kuma hannuwan da suka taimaka. Ki je wurin fasto tare da maigidanki ku ce a sa ku cikin addu'a wannan Lahadi, godiya kuma sai kun shirya. Ko bayan wata biyu ne, ba laifi, kuma ba sai da ambulan mai kauri ba. Kada ku ci bashi saboda idon jama'a.

Takardun makaranta da suka ƙone, ku fara da rahoton 'yan sanda da takardar rantsuwa daga kotu, da su ake neman madadi. A kira mai gyaran lantarki ya duba sauran ɗakunan kafin ku koma kwana a ciki. Na faɗa wa kawunki ya binciko hotunan auren da suke wurinsa, ni ma ina da zanen zumunta irin nata da muka saya tare, zan taho miki da shi ranar Asabar. Ki gaishe da maigidan da yara.